Ajiyar Bindigogi a Hannun Kofur Elam

Ranar Talata da hantsi ina maƙera, na ɗaga ƙafar wata goɗiya ina gyara mata kofato, sai ga Luvenia, 'yar Elam Tarver, ta shigo da rigar sanyin mahaifinta a jikinta. Ba ta gaishe ni ba. Ta tsaya kusa da wuta ta ce, "Kawu Nils, Baba ya tafi ɗazu da safe." Na sauke ƙafar goɗiyar a hankali, na ajiye guduma, na zauna a bakin kwamin ruwa. Ban san tsawon zaman da na yi ba, sai dai da na ɗago kai wutar ta mutu, yarinyar kuma tana nan tsaye tana jirana.

Shekara goma sha tara muka yi tare da shi a Ransford, a nan jihar Kansas. Faston da ya yi magana a bakin kabarinsa ya faɗi alheri, amma bai san shi a zamanin shanu ba. Yawancin waɗanda suka san shi a lokacin sun mutu ko sun yi gaba. Shi ya sa na zauna in rubuta abin da na sani.

An haifi Elam bawa a wata gonar auduga a Mississippi, shi kansa bai san shekarar ba. Da yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin Arewa da Kudu mai riƙon bayi, ya gudu ya shiga sojan Arewa, ya yi shekara uku har ya kai kofur, sunan da ya bi shi har kabari. A barikin ne wani fasto ya koya musu karatu da littattafai biyu kacal, Littafi Mai Tsarki da wani ɗan ƙaramin kundin tsarin mulkin ƙasa. Ranar da aka sallame su aka ce duk mai son bindigarsa ya saya, Elam ya sayi tasa ya koma gida da ita a kafaɗa.

Bai daɗe da komawa ba jihar ta yi doka cewa baƙar fata ba zai riƙe bindiga ba sai da izini. Wata rana da tsakar rana wasu mutane suka zo da keken alfadarai da takarda, suna bi gida gida. Maƙwabcinsa, wani dattijo mai suna Isom, ya fito da tsohuwar bindigarsa ta harbin zomo. Suka ce masa ajiya ce kawai, da ƙasa ta lafa za a mayar wa kowa tasa. Isom ya miƙa har da godiya. Elam kuwa ya naɗe tasa a buhu ya cusa a rufin akurkin kaji, ya ce musu ya sayar. Ba a taɓa mayar wa Isom bindigarsa ba, kuma ranar da aka zo korarsa daga ɗan filinsa babu komai a hannunsa sai fartanya. Sau ɗaya tak Elam ya ba ni wannan labari, yana kallon ƙasa, bai kuma sake komawa kansa ba.

A shekarar 1874 ya iso Ransford da matarsa Minerva da jaririya a keken alfadarai. Lokacin garin yana ganiyarsa. Daga watan Yuni zuwa Satumba makiyayan Texas suna koro shanu dubu dubu zuwa tashar jirgin ƙasa, su sayar, su shigo gari da ƙishirwar wata uku. A bakin gada akwai allo da manyan baƙaƙe: an hana yawo da bindiga cikin gari, duk mai shiga ya ajiye tasa a bargar Hobbs, ya karɓa in zai fita. Elam ya karanta allon sau biyu, ya juya alfadaransa, ya kafa tanti a wancan ƙetaren kogin, inda ikon gari ya ƙare.

Mako uku bai taka gadar ba. Minerva ce ke shigowa cefane, ita ce kuma ta kawo mini ƙarfen ƙafar kekensu da ya tsage, ta ce maigidan ba zai iya zuwa ba. Na tambaya ko ba shi da lafiya, ta ce lafiyarsa ƙalau, taurin kai ne ke damunsa. Da na gama gyaran na kai masa da kaina, don ina son ganin mutumin. Na same shi zaune a kan akwati yana ɗinkin linzami, bindigar a jingine kusa da gwiwarsa. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ji yadda nake karya Turanci da harshenmu na Suwidin, ya ce ashe akwai wanda ya fi shi baƙunta a ƙasar nan. Ya zuba mini kofi. Daga ranar ban ƙara cin abincin rana ni kaɗai ba.

Bargar tsoho Hobbs ita ce gini na farko in an sauko daga gada, maƙerata na jikinta. Ajiyar bindigogi a wurinsa ba ta da tsari. Ganga ce guda ake jefa su ciki, mai fita ya tona ya ɗauki wadda ya ce tasa ce. Ba a mako ba a yi dambe a kan gangar nan ba. Hobbs yana neman mai kula da dawaki, Elam kuma ya san doki kamar shi ya haife shi. Da na haɗa su, Elam ya ce zai yi aikin da sharaɗi ɗaya, ajiyar bindigogi ta dawo hannunsa. Hobbs ya ce ya ɗauka har da gangar. Ta haka Elam ya sami hanyar shiga gari ba tare da ya miƙa wa kowa bindigarsa ba. Kullum da safe zai ƙetaro gada, ya rataye tasa da hannunsa a maratayi na ɗaya, da yamma ya sauke ta ya koma gidan da ya fara ginawa a ƙetare.

Ni na ƙera masa maratayai arba'in a ɗan ɗakin da ke gefen barga, na kuma yanka masa tagulla ƙanana kamar kwabo, biyu biyu, kowane biyu da lamba ɗaya. Ga yadda yake aikinsa. Mutum zai miƙo bindiga, Elam ya zare harsasan a gabansa, ya zuba su a 'yar jakar ƙyalle, ya ɗaure jakar da tagulla ɗaya a jikin bindigar, ya rataye, ya ba mai ita ɗayar tagullar. Bayan haka ba ya ƙara taɓa ta, sai in ruwa ya jiƙa ta ya goge. Wajen mayarwa kuwa sharuɗɗa biyu ne: tagulla a hannu, mutum a kan sirdi da kan dokinsa wajen gada. Ba ruwansa da suna, ba ruwansa da wanda ya aiko ka. In mutum ya zo a buge, Elam ba ya hana shi kayansa, sai dai ɗaura sirdin ya ɗauke shi rabin awa, ya kwance ya sake, ya gano wani dutse a kofato, ya miƙo kofi. In mutumin ya matsa, sai ya riƙe linzami ya raka shi har ƙetare, a can ya ba shi.

Yawancin makiyayan nan sun yi wa Kudu yaƙi, kuma miƙa wa baƙar fata bindiga ya fi musu ciwo da dokar kanta. Na sha ji daga maƙera. Akwai wani dogo mai jan gemu da ya tsaya a ƙofa ya dafa ƙugu.

"Kai yaro, ka taɓa jin tsarin mulki kuwa? Ya ce ina da ikon riƙe bindigata."

"Na ji shi, yallaɓai," in ji Elam. "Na karanta shi, na kuma yi shekara uku ina yaƙi don kada a yaga shi. Kai wane ɓangare ka tsaya?"

Abokan dogon suka fashe da dariya, ɗaya ya ce masa ya miƙa kawai kafin a tono kakansa. Elam bai ko murmusa ba. Ya nuna maratayi na ɗaya ya ce, "Waccan tawa ce, ta riga taka hawa. Tsarin mulki ya ce bindigarka taka ce. Ni ma na ce taka ce. Ga lambarta."

Da rana mukan zauna a kan dami, shi da burodin masara da waken da Minerva ta ƙunso masa, ni da kifina mai gishiri wanda yake cewa warinsa na firgita dawaki. Gardamarmu ɗaya ce kullum. Ni ina cewa a ƙasarmu ba mai yawo da bindiga sai maharbi, kuma da za a tara na Ransford duka a zuba a kogi da na fi kowa murna. Shi kuma ya ce a ƙasarmu ba a taɓa ɗora ni a kan akwati an yi cinikina ba. A ganinsa abu biyu ne mutane ke cakuɗawa. Gari yana da ikon cewa kada ka shiga mashaya da bindiga a ƙugu, shi ma ba ya son 'yarsa ta bi titin da mashaya ke harbin fitilu. Amma gari ba shi da ikon raba ka da ita. Abin da ya raba biyun, in ji shi, shi ne a mayar maka in za ka tafi. Yana kuma sane, kamar kowa, cewa rabin masu kantunan gari suna da ƙaramar bindiga a aljihun ciki ba mai tambayarsu, baƙo kawai dokar ke cizo. Abin yana cin ransa, amma ya ce wannan ba huruminsa ba ne.

Shekara biyar aka yi haka, ba a taɓa ɓatar da ko harsashi ɗaya ba.

A watan Yuli na 1879 wani shugaban makiyaya mai suna Wiley Pruett ya iso da mutum goma sha biyu, shi na sha uku. Suka sayar da shanunsu, suka ajiye bindigogi goma sha uku wurin Elam, suka bazu cikin gari. Washegari wajen ƙarfe ɗaya na rana wani saurayi cikinsu, Jubal, ya yi faɗa a teburin karta da ɗan Mista Colby, mai babban kanti kuma shugaban majalisar gari. Jubal ya ɗauki kujera ya karya wa yaron muƙamuƙi, ya fice ta ƙofar baya, ya faɗa kogi ya yi iyo ya ɓace cikin ciyawa.

Kafin ƙarfe biyu sai ga Burdett, babban ɗan dokan gari, a ƙofar barga. Burdett ba mugun mutum ba ne, shi da Elam suna shiri. Ya yi bayani a natse. Majalisa ta ce a kwashe bindigogin mutanen Pruett duka a kai ofishinsa, ba za su same su ba sai sun kawo Jubal. Pruett ba zai iya komawa Texas hannu sake ba, hanyar ba ta da kyau, don haka dole ya nemo yaronsa ya miƙa. Ba harbi, ba jini. Ko ni da nake saurare ta bango na ga dabarar ta yi.

Elam ya je inda aka kafa takardar dokar a bango, ya bi ta da yatsa layi layi, duk da ya haddace ta. Ya ce ya ga inda aka ce a ajiye, ya ga inda aka ce a karɓa in za a fita, bai ga inda aka ce a riƙe ba.

"Kofur, ajiya ce kawai," in ji Burdett. "Kwana biyu, uku. Da an kawo yaron kowa zai sami tasa."

Elam ya juyo daga takardar ya ce, "Ba majalisa suka ba ajiya ba, yallaɓai. Ni suka ba."

Hobbs ya fito daga ciki yana zufa, ya ce wa Elam ya ba su mana, bargar tasa ce, kuma Colby ne ke sayar masa da hatsi. Elam ya ce bargar ta Hobbs ce, amma tagullar da ke aljihun mutanen nan shi ya sa musu a hannu. Burdett yana iya ture shi ya shiga, amma mutum ne mai son komai da takarda. Ya ce zai je gonar alƙali ya karɓo umarni a rubuce, kafin ƙarfe huɗu ya dawo, kuma yana fata ya tarar Elam ya huce. Ya bar mataimakinsa a ƙofa, ya ce masa kada ya bar ko ɗan Texas ɗaya ya shiga.

Elam ya koma ɗakin ajiya ya zauna. Daga baya ya gaya mini abin da ya yi ta juyawa a ransa. In ya mayar wa mutanen nan bindigoginsu suka juyo cikin gari da fushi suka harbi wani, wuyansa za a nema, kuma ba alƙalin da zai tsaya sauraron baƙar fata. Minerva na da ciki na uku a lokacin. Mutanen da zai yi wa wannan kasada kuwa ko sunansa ba su taɓa kira ba. In kuma ya zauna har takarda ta zo, to ya zama ɗaya daga cikin masu keken alfadaran nan da suka ce wa Isom ajiya ce. Ya ce ya nemi hanya ta uku har kansa ya yi ciwo, bai samu ba.

Wajen ƙarfe uku ya leƙo maƙera.

"Maƙeri, ara mini amalankenka."

Na tambaye shi ko ya san abin da zai biyo baya. Ya ce ya sani, amalanke ya tambaya, ba shawara ba. Na zubar da gawayin da ke ciki na tura masa, sannan na ga ba zan iya komawa bakin wuta ba, na bi shi. Muka jera bindigogi goma sha uku a kan bargo, ya ɗora tasa a kai. Mataimakin Burdett yana jingine a ƙofa yana tauna taba. Ya dubi amalanken, ya dube mu, ya tofar da yawu ya ce shi dai abin da aka ce masa kada ɗan Texas ya shiga, kuma bai ga ɗan Texas ba.

Mutanen Pruett sun riga sun ji labari, sun taru a bakin gada suna hayaniya, wasu har sun tsinci itace. Elam bai tsaya ba. Ya ce musu duk mai son kayansa ya ɗaura sirdi ya same shi a ƙetare da tagullarsa. Muka tura amalanken a kan katakon gada yana ƙara, mutanen gari sun fito ƙofar kantuna suna kallo.

A ƙetare ya yi aikinsa kamar kowace rana. Mutum ya matso a kan doki, ya miƙo tagulla, Elam ya duba lamba, ya kwance, ya ba shi bindiga da jakar harsasai. Ina jin ƙarar ɗura harsashi ta kowane gefe. Sha biyu suka karɓa, Pruett ne na ƙarshe. Ban da ta Elam, saura ɗaya a kan bargo, mai lamba goma sha bakwai.

"Miƙo ta Jubal," in ji Pruett. "Zan kai masa."

"Tagullarsa fa?"

"Tana aljihunsa, aljihun kuma ya bi kogi. Ni ne ubangidansa, yaro."

"To in ya bushe ya zo, yallaɓai. Tana nan."

Pruett yana riƙe da bindiga cike a hannu, Elam yana tsaye hannu sake. Wani daga baya ya ce a bar wannan maganar, su koma su nuna wa Colby da majalisarsa yadda ake riƙe kayan mutane. Dawaki biyu uku suka juya kai wajen gada. Elam ya ja amalanken ya gindaya shi a bakin gadar, ya tsaya a gefensa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce shekara biyar yana gaya wa garin nan cewa duk wanda ya ba bindigarsa tafiya zai yi, bai taɓa yin ƙarya ba, kuma yanzu maganarsa tana hannunsu kamar yadda kayansu suka kwana a hannunsa.

Pruett ya dubi gari, ya dubi Elam, ya soke bindigarsa a kube.

"Na taɓa ganin alfadari mai irin kanka," ya ce. "Sai da muka harbe shi." Ya juya ga mutanensa. "Ku mu tafi."

Bai yi godiya ba. Muka tsaya har ƙurarsu ta kwanta. Sai a lokacin Elam ya zauna a bakin amalanken, na ga rigarsa ta jiƙe sharkaf da zufa. Ya kai bindigar Jubal da tasa gida ya ba Minerva, ya wanke fuska, ya dawo barga ya jira Burdett.

Ba su sami dokar da ta hana mayar wa mutum kayansa ba, sai suka kama shi da dokar allon bakin gada: ya yi yawo da bindiga cikin gari, har goma sha huɗu, daga ƙofar barga zuwa gada, taku talatin. Ya yi kwana goma a ɗakin tsaro. Ni da na tura amalanken tare da shi gargaɗi kawai aka yi mini, kowa kuma ya san dalili. Na je na gaya masa ta taga cewa kunya ta hana ni barci, ya ce in bar kunya in kawo masa taba. Hobbs ya sallame shi yana hawaye. Aka cire maratayaina aka kai ofishin Burdett. Burdett ya ƙetara sau ɗaya neman bindigar Jubal, Minerva ta tsaya a ƙofa da cikinta ta tambaye shi ko an matso da iyakar gari ne ba ta ji ba. Ya ɗaga mata hula ya koma. Ɗan Colby ya warke, sai dai bakinsa ya ɗan karkace, kuma har Colby ya mutu bai ƙara amsa gaisuwar Elam ba.

Hunturun nan sun sha wuya. Ba mai ba Elam aiki a gari, sai ya koma noman dankali da kankana, Minerva tana wanki. Da bazara ta zagayo aka fara ganin shanu, ashe labari ya riga ya bi hanya har Texas. Wasu makiyaya suka ƙi kai bindigoginsu ofishin ɗan doka, suka tsaya a ƙofar Elam suna tambaya ko nan ne gidan baƙin mutumin nan mai tagulla. Ba duka ba, wataƙila ɗaya cikin uku. Ya buga ƙusoshi a rumfar bayan gida, na yanka masa sababbin tagulla. Majalisa ta yi gunaguni, amma tunda bindigogin ba sa shiga gari, ta yi shiru. Ba wanda ya naɗa shi, bai kuma yanka wa kowa lada ba. Wani ya bar masa cinyar saniya, wani ƙullin kofi, wani ya tafi ko waiwaye babu. Haka ya yi shekara shida, har aka hana shigo da shanun Texas, mashayu suka rufe ɗaya bayan ɗaya, garin ya koma na manoman alkama.

Jubal bai taɓa dawowa ba. An ce ya mutu a Nebraska, an ce ya zama mai wa'azi. Sau biyu Elam ya aika wa Pruett wasiƙa, ba amsa. 'Ya'yansa uku suka girma suna ganin bindigar a rataye a bayan ƙofa, an hana su taɓawa. Duk ranar farko ta wata yakan sauke ta ya goge, ya sa mata mai.

Ciwon ƙirji ya kama shi a farkon hunturun bana. Ranar Lahadi bayan coci na ƙetara na same shi a kujera kusa da murhu, an lulluɓe shi da bargo biyu, ya rame har hannuwansa sun zama kamar ba nasa ba. Ya ce tasa bindigar ya riga ya ba babban ɗansa. Sannan ya sa Luvenia ta ɗauko ɗayar, naɗe a ƙyalle, da jakar harsasanta da tagullar a ɗaure, ta ɗora mini a cinya. Na ce masa ban taɓa ajiye bindiga a gidana ba, ya ce shi ya sa ya zaɓe ni.

"Shekara goma sha huɗu fa, Kofur," na ce. "Mutumin nan ko ya mutu ko ya manta."

"Wataƙila yana da ɗa."

"In ɗan ya zo ba tagulla fa?"

Ya rufe ido yana numfashi da ƙyar, na ɗauka barci ya ɗauke shi. Can ya ce, "Ka zaunar da shi ka ba shi abinci, amma ba kifin nan naka ba. Ka nuna masa ita ya ga tana nan lafiya. Sannan ka ce ya koma ya duba kayan ubansa da kyau."

"Zai zage ni."

"Zai zage ka. Ai ka saba, shekara nawa ina yi."

Dariya ta jawo masa tari, Minerva ta leƙo ta ce in tashi haka nan, na gajiyar da shi. Na sa ƙunshin a hammata, na dafa kafaɗarsa, na ce sai Laraba. Har na kai ƙofa ya kira ni da sunana, abin da ba kasafai yake yi ba.

"Nils. Bindigar nan, mai kaɗan ake sa mata. Na san hannunka da nauyi."

Na ce, "Na ji, Kofur."